Kakin Zuma a Kan Ƙwaurina

…kuma ban motsa ba, Balaraba, ki shaida. Tun hantsi ƙafar nan take miƙe a kan matashi, an naɗe ta, an ɗaure ta, ana kaffa-kaffa da ita kamar ƙafar amarya a lalle. Ni Shitu mai zuma, wanda ba a samuna zaune sai wajen salla ko gaban tuwo — yau ga ni rigingine ina kallon azara. Ke kuma kina can bayan duwatsun da suka jera a tsakar asibiti, inda suka ce kada kowa ya tsallako muddin magani yana jikina. Ina hango ki ta ƙofa. Ba kya jina. Da ma ko ina kusa ba wani ji kike yi ba, to yau sai in yi ta zuba a zuci, babu mai katse ni.

Yau ce ta ƙarshe. Yau! Gobe Likita zai ɗora akwatinsa a mota ya yi gaba, wani asibitin na jiransa, ba mai sake ganin ƙeyarsa a ƙasar Tudun Wada sai baɗi, in ma ya dawo. Ni kuma sai gida… sai Doguwa… sai dajin Falgore. Amyoyina suna can a kan maɗaci ba mai duba su. Ko sun cika? Sun cika mana, ɗorawa ta yi fure tun tuni. Ina jin ƙamshin daga nan, wallahi, ta cikin warin maganin nan nasu mai hawa kai.

Me ya samu idonki ne? Tun shekaranjiya nake son tambaya, in kin zo da abinci sai in manta. Fari fat, ba kwalli. Ke da ko rijiya za ki sai kin zizara, ke da ranar da rumbunmu ya kama wuta sai da kika koma ɗaki kika ɗauko tandun kwallinki kafin ki ɗauko tabarma. To na gane — tausayina ne. An daina ado saboda maigida yana kwance. Ashe ana sona haka? Sai da na tsufa za a nuna mini? Bari in warke, za ki sha tsiya.

Ƙafa dai… ƙafar nan ta ba ni wuya. Ɗan kututture ne fa ya yage ni a ƙwauri ina saukowa daga bishiya, ko tsayawa dubawa ban yi ba. Ya zama gyambo. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, 'yarmu Asabe ta yi aure, ta haihu, ta yaye, shi yana nan. Sassaƙe, saiwa, toka, zumar kanta — me ba mu sa ba? Sai bara bakinsa ya murɗe ya yi tauri, yana fitar da wani nama da ba nawa ba. Likita ya duba ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi magana a hankali, Malam Lawal disfensa yana juya mini da Hausa. Wai gyambon ya rikiɗe ya zama sankara. Hanya biyu ce: zarto daga ƙasan gwiwa, ko kuma maganin da ke cikin akwatin nan.

Zarto. Ni? Wa ya taɓa ganin mai ƙafa ɗaya a kan reshe da damin ciyawa mai hayaƙi a hannu, ƙudan zuma na yi masa guɗa? Na ji tsoro ranar, Balaraba, ban gaya miki ba amma na ji. Na ce a buɗe akwati.

Akwati kuwa ɗan mitsitsi, amma sai ƙarti biyu sun yi nishi kafin su ɗaga, don duk darma ce. A ciki 'yan bututu, ba su kai sandar ashana ba. Radiyam. Haka sunansa. Na yi ta maimaitawa kada in manta, don in na koma gida in ba Sabo maƙeri labari — radiyam, radiyam… wuta ce wai, amma ba harshe, ba hayaƙi, ba ka jin zafinta. Tana shiga nama ta ƙone cutar daga ciki. Na ce wa Malam Lawal, wannan ai ko aljanun Falgore ba su da irinta. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin kirki ne, a yaƙin Bama ya koyo Turancinsa da ɗaurin ciwo, in yana fassara har da ɗaga gira irin ta Likita.

Ba kya nan ranar da aka yi wasan ƙas-ƙas… ba kya nan, kin tafi Doguwa narko kaki. Kin yi asarar kallo. Wani ɗan akwati ne suka aro wurin Turawan kuza na Riruwai, in ya ji radiyam kusa sai ya kama ƙas, ƙas, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana gugguru. Likita ya ce in zauna in gani da idona, tunda ƙafata ce. Ya matsar da shi kusa, ƙara ta yi yawa. Ya janye, ta ragu. Sai ya shiga gitta abubuwa a tsakani — guntun katako, ba wani bambanci. Tsokar nama daga kicin, kusan haka. Ɗan guntun kakin zuma da ya rage a aljihuna, daidai da naman. Sannan ya ɗauko falle na darma ya tare… sai ƙarar ta yi sanyi, ƙas… can kuma ƙas. Na ce a sake! Aka sake. Na ce a kuma! Malam Lawal ya ce Malam Shitu ba kasuwar Bebeji muke ba.

Sannan aka yi mini karatun. Na riƙe shi kuwa, kaina ba na ado ba ne. Ba a ɗora radiyam kai tsaye a kan ciwo, sai a cinye sama a bar saiwa. Sai an ɗaga shi kaɗan, kaurin ɗan yatsa, a kan wani abu. Abin nan kuma ba kowane ba — dole ya zama wanda wutar ke ratsawa kamar yadda take ratsa jikin mutum. Da shi Likita yake lissafin awannin da za a ɗaura. In kaurin ya canza, lissafi ya tashi. In kayan ya canza, lissafi ya tashi. Ƙarfe kuwa shi ne mugun, musamman mai nauyi: ko dai ya shanye wani kaso na wutar, saiwar cutar ba ta samu rabonta ba, ta yi lamo ta dawo… ko kuma in yana manne da fata ya riƙa tofa nasa zafin a kanta, ta ƙone ƙunar da ba ta warkewa. Na ce to in bai isa ba a ƙara mana, in ya yi yawa a rage. Likita ya girgiza kai. Wai fata ba ta mantuwa, abin da ta sha ta sha, sau ɗaya ake auna mata, kuma sai an san nawa ta sha kafin a san ko da saura.

Kambun ƙarfen da ke ƙafata tun ina saurayi, sun cire. Ko fil ba sa sa wa bandejin, da zare suke ɗaurewa. Na ce madalla, tsabtar lissafi ke nan.

Zafi… kai, bazarar bana. Gumi har cikin kunne. Kada in motsa. Ƙuda ya sauka a babban yatsa yana wanke hannu, ya san ba zan iya korarsa ba, ɗan banza. Ina ma gunda ce, tsuntsuwar nan da ke kai ni wurin zuma, in bi ta da ido ko ta taga ne.

Abin da zan fi jin daɗin ba da labarinsa shi ne kakin. Nasu na Turai da suke zuwa da shi ya ƙare a asibitin da suka baro. Likita yana ta safa da marwa, Malam Lawal ya ce masa ai ga mai zuma a kwance. Na tashi zaune! Na ce kaki? Kaki kuke nema a gaban Shitu? Kika kama hanya, kika narko na amyar gindin dutse, kika tace da ƙyalle har ya yi garau. Likita ya sake narkawa, ya sake tacewa, ya ɗaga a rana yana leƙe, ya ce bai taɓa samun mai kyansa ba. Haka Malam Lawal ya faɗa, ko ya ƙara gishiri ne oho, ni dai na karɓa. Aka zuba shi daidai ƙwaurina, ya fito kamar ɓawon kwakwa, aka aune kaurinsa ta kowane gefe, aka tsaga 'yan ramuka a bayansa inda bututun za su kwanta. Ƙudajena ne za su ceto mini ƙafa. Duk harbin da suka yi mini na yafe.

Sai dai… kwana biyun nan kamar ya ƙara nauyi. Ko ƙafar ce ta gaji? Ni da kaki muka girma, in na ɗauki curi ido rufe na san nauyinsa. Ranar farko kamar ba a ɗora komai ba. Yanzu ina jinsa zaune a kan ƙashi. Gajiya ce. Mutum ya yi ta kwanciya ai ko bargo sai ya yi masa nauyi.

Ga ki can kina dama fura. Kin ɗago kin dube ni, kin yi murmushi. Murmushin nan kuma… na san shi. Irin wanda kike yi in kin ɓoye mini ƙafar kaza a ƙarƙashin tuwo kina jiran in tono. Me kika ƙulla? Ko Asabe ce ta aiko? Ko nonon abokina Hamman ne ya iso daga ruga? Ya yi alkawari, Hamman, ya ce ranar da na taka ƙafata zai ba ni kindirmo ƙwarya guda ni kaɗai.

Da la'asar Malam Lawal zai zo da dogon awartakinsa, ya tsaya nesa-nesa yana miƙa hannu, ya zare bututun ɗaya bayan ɗaya ya jefa a akwatin darma. Ya kara ɗan ƙas-ƙas a jikin kakin, ya ji shiru, sannan ya miƙa miki. Aikinki ke nan tun ranar farko — kaki ba ya son zafi, in aka bar shi a ɗaki sai ya saki, kaurin ya lalace. Sai ki binne shi cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ki wanke farin ƙyallen da ke shimfiɗe a cikinsa, ki tafasa, ki shanya, da safe ki mayar ki lulluɓe ki kawo. Har Likita ya yaba, ya ce da kowane majinyaci yana da irinki da ya huta. Kin yi kamar ba ki ji ba, amma ranar har waƙa kika yi a wajen wanke-wanke.

Wani abu yana gangarowa. Gumi ne, daga ƙarƙashin bandeji, yana bin gefen ƙafa zuwa idon sawu, yana yi mini cakulkuli. Kada in motsa… bari in ɗaga kai kawai in gani.

Baƙi?

Gumi baƙi. To, datti ne. A'a, an wanke ƙafar da safe. Ruwan ciwo? Ruwan ciwo ba haka yake ba, na san kalarsa fiye da kowa. Rana ta leƙo ta taga ta sauka a kansa — yana ƙyalli. 'Yan ƙananan ƙyalli, tsil-tsil, cikin baƙin. Na san ƙyallin nan. A ina? A gefen matashinki da safe. A bakin zanenki in kin share hawaye.

…Asabe tana kwana uku a duniya, innarki ta buɗe tandu ta barbaɗa mata a cibiya, ta ce babu ɗanyen ciwon da kwalli ba ya busarwa. Ranar da ƙudan zuma ya same ni a fatar ido, ke kika danne ni kika zizara mini, ina ihu yara na dariya. Ranar da muka iso nan ma — ai na tuna — kin ciro tandun za ki barbaɗa a gyambon, Malam Lawal ya ce a'a Inna, kada a sa komai a kan ciwon, komai. Kika ce to. Kika mayar cikin lalita. Ke ba kya musu, ba ki taɓa musu ba, sai dai ki zagaya.

Ba a kan ciwon kika sa ba. Kin bi doka. A cikin kakin… kin ɗan gasa shi a rana ya yi laushi, kin murza masa a ciki, kin shafe da yatsa sumul, kin mayar da ƙyalle kin rufe. Kowace safiya kaɗan-kaɗan? Har tandu ya ƙare? Tandun innarki, mai cin dutsen kwalli guda? Shi ya sa idonki… Oh, Balaraba. Wallahi dariya ce ta taso mini, ga ta nan a maƙogwaro. Ni ina nan ina fankama an daina ado don ni, ashe adon ne gaba ɗaya aka kwashe aka ɗaura mini a ƙafa. Wace mace ce za ta yi wannan? Na gode. Allah ya sani na gode, ban taɓa jin ina son ki kamar yanzu ba.

Kwalli ai ba wani abu ba ne. Na ido ne, jariri ma ana sa masa. Ƙarfe suka ce, ƙarfe, kuma ke ba ki ma ji ba, kina Doguwa. Da kika dawo labarin gugguru na ba ki, muka yi ta dariya. Wa zai ce a hana kwalli? Wa zai tuna da shi? Gari ne kawai, baƙin gari mai…

mai nauyi.

Sabo. Maƙerarsa da hantsi, ni ina zaune ina jira ya wasa mini gatari. Wani maharbi ya zo neman harsashin bindigar adaka, darma ta yanke a kasuwa. Sabo ya ce ba komai, ya aika aka sayo duwatsun kwalli wurin 'yan koli, ya farfasa, ya zuba cikin gawayi, ya ce a zuga. Wari ya tashi muka toshe hanci. Can sai ga ta tana zubowa, fara sol tana rawa a ƙasan murhu. Na ce Sabo tsafi ka koma? Ya ce wane tsafi, dutsen kwalli ai uwar darma ce.

Uwar darma. Ƙas… can kuma ƙas.

A'a, tsaya, tsaya. Fallen Likita mai kauri ne, wannan gari ne cikin kaki. Nawa ne ma? Tandu ɗaya. Ƙila bai tare komai ba. Ƙila wutar ta wuce abinta ko gaisuwa ba su yi ba. Amma nauyin fa? Na ji shi, ƙashina ya ji shi. Kuma a ciki yake, manne da fata, ƙyalle kawai ke tsakani — daidai inda aka ce ƙarfe yana tofa nasa. To ragewa ya yi ko ƙarawa? Saiwar ce ta tsira, ko fatar ce ta ƙone? Ni ba na jin komai. An ce da ma ba a ji, sai bayan makonni take nuna aikinta, lokacin akwati ya yi nisa. Tun yaushe kika fara? Ranar farko da kwalli a idonki, na gani. Rana ta biyu… ban lura ba. Mutum yana tare da ido shekara da shekaru, a tambaye shi yaushe ya canza ya kasa faɗa.

In na yi shiru? Su cire, su yi murna, Likita ya dafa kafaɗata, mu hau jaki mu tafi gida. Ke da farin cikinki, ni da abin da na sani. In ta warke, kwallinki ne, ki yi ta ba jikoki labari. In ba ta warke ba… kaka ta yi, in dawo nan a kan jakin, ba akwati, sai zarto. Ke kuma ki riƙe mini kai ba ki san dalili ba.

In na faɗa? Akwatin yana nan har gobe. Likita mai lissafi ne, ga ɗan ƙas-ƙas ɗinsa, ya kara kakin ya ji nawa yake tarewa. Ƙila ya ce da saura, a zuba sabo a cike. Ƙila ya ce ya wuce, sai addu'a. Ƙila ya ce ba zai iya sani ba sai an gaya masa ranar da aka fara da yawan da aka sa — sai a kira ki. A tsakar asibiti, a gaban matan da kuke girki tare, Malam Lawal yana juya tambaya, ke kina tsaye kina murza bakin mayafi. Ke da aka yaba. Ki gane abin da hannunki ya… Ba faɗa za su yi ba, na sani. Fuskarki nake tsoro.

Zan faɗa. Ai ƙafata ce, kuma taki ce, wa zai hau miki maɗaci? Zan faɗa da wasa. In ce Malam Lawal, zo ka ga ƙwaurin da ya yi kwalliya. In fara dariya kafin kowa, yadda za ki ga ba wani abu ba ne. Na iya wannan, duk Doguwa an san na iya.

Inuwa ta kai duwatsu. Ga shi can ya fito, awartaki a hannu, ƙartin na biye da akwati suna nishi. Kin miƙe, kin matso har bakin duwatsun, yatsun ƙafarki a kan layi, ƙwaryar fura a hannu. Kin ɗaga murya yadda zan ji:

“Maigida, in an kwance ka duba da kyau. Akwai abin da zan gaya maka in mun je gida.”

Kina murmushi. Idon nan fari, ba ko ɗigo, kamar na yarinyar da aka tasa daga barci. Malam Lawal ya iso ƙofa, yana cewa Malam Shitu an gama, an gama lafiya, ya ƙafar?

Ya ƙafar… Na buɗe baki. Dariyar da na tanada fa, ina ta shiga? Yanzun nan fa tana nan. Matsa kaɗan, Malam Lawal, ka tare mini ƙofar — ba zan iya faɗa ina kallonta ba.